Addu'a Biyu, Allah Ɗaya: Abin da Lincoln Ya Ƙi Faɗa

Shin shugaban da ke yaƙi a kan gaskiya yana da ikon cewa Allah na gefensa? Tambayar tsohuwa ce, amma ba safai ta matsa wa mutum kamar yadda ta matsa wa Abraham Lincoln ba, shugaban Amurka na 16, wanda ya yi mulki daga 1861 zuwa 1865.

Ƙasar da ya gada ta daɗe tana zaune da bauta. Cikin shugabanni 15 da suka riga shi, 10 sun taɓa mallakar bayi. Thomas Jefferson, wanda ya rubuta a 1776 cewa an halicci dukan mutane daidai, ya mallaki bayi fiye da 600 a tsawon rayuwarsa. Ƙidayar 1860 ta sami bayi kusan miliyan 4. Ikkilisiya kuwa ta tsage tun kafin ƙasa ta tsage: 'yan Methodist sun rabu a 1844, 'yan Baftis a 1845, duk a kan maganar bayi. Saboda haka da yaƙin basasa ya ɓarke a 1861 tsakanin jihohin Arewa da na Kudu, kowane ɓangare ya fita da fastocinsa da ayoyinsa.

Ranar 4 ga Maris, 1865, Lincoln ya sha rantsuwar mulki karo na biyu. Kudu na dab da faɗuwa, mutane fiye da 600,000 kuma yaƙin ya ci. Taron da ke gabansa a birnin Washington yana jiran ya ji an ce Ubangiji ya ba masu gaskiya nasara. Jawabin bai wuce kalmomi 700 da 'yan kai ba, kuma wannan maganar ba ta cikinsa. Ya tuna musu cewa ɓangarorin biyu Littafi Mai Tsarki ɗaya suke karantawa, Allah ɗaya suke roƙo, kowa na neman taimakonsa a kan ɗan'uwansa. Ba yadda za a amsa addu'o'in biyu, kuma babu wadda aka amsa gaba ɗaya. Sa'an nan ya kawo abin da ya fi ɗaci: mai yiwuwa yaƙin hukunci ne a kan Arewa da Kudu baki ɗaya, saboda gumin bayi na shekara 250 da ba a biya ba.

A nan mai hankali zai iya ja da shi, kuma jayayyar tana da nauyi. Bawan da aka sayar da 'ya'yansa a kasuwar New Orleans, me zai yi da tawali'un shugaba? Idan mai bulala da mai ƙwace bulala duka masu laifi ne, ashe ba an shafe iyakar da ke tsakanin zalunci da adalci ke nan ba? Sau da yawa, cewa "kowa na da nasa laifi" mafaka ce ta matsorata.

Sai dai Lincoln bai yi amfani da ita ya gudu ba. Bai tsayar da yaƙin ba. Ya riga ya sa hannu a dokar 'yanta bayin jihohin da suka yi tawaye ranar 1 ga Janairu, 1863, kuma shi ya matsa wa majalisa har ta amince, a Janairun 1865, da gyaran tsarin mulki na 13 wanda ya haramta bauta. A kan muguntar bauta ba ya shakka. Abin da ya ƙi yarda da shi shi ne cewa hannun mutanensa tsarkakakke ne, domin audugar da bayi suka tsinka a Kudu masaƙun Arewa ne suka saƙa ta, bankunan New York kuma suka ci ribarta. Tabbacin cewa abu mugu ne daban, tabbacin cewa kai adali ne daban. Na farko yana sa mutum aiki, na biyu yana sa shi ramuwa. Abin mamaki, mutumin da ya ga wannan bambanci bai taɓa zama cikakken mamba na wata ikkilisiya ba, ko da yake yakan je sujada a majami'ar Presbyterian, ya kuma san Littafi Mai Tsarki sarai.

Bai rayu ya gwada abin da ya faɗa ba. John Wilkes Booth ya harbe shi ranar 14 ga Afrilu, 1865, wadda ta zo daidai da Jumma'a Mai Kyau, ya rasu washegari. Ranar Lahadin Ista fastoci da yawa a Arewa suka hau bagade suna kwatanta mutuwarsa da ta Almasihu, wasunsu har suna kiran fansa a kan Kudu. Magajinsa, Andrew Johnson, ya ɗauki afuwar ya bar adalcin: ya yafe wa dubban 'yan tawaye, ya kuma mayar musu da gonakin da aka fara raba wa 'yantattun bayi. Jikokin waɗannan bayi sai a 1965 doka ta tsare musu haƙƙin jefa ƙuri'a a Kudu.