Haukan Shibo da hankalin kwamandan

A makarantunmu, idan aka zo darasin siyasar Nijar, yawanci akan fara ƙirga daga 1946, shekarar da aka kafa jam'iyyar PPN a Yamai. Abin da ya gabaci wannan kuwa, da zarar an ambaci yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917 a Abzin, sai a tsallake shi kamar rafin da ya ƙafe. Ɗalibi sai ya ɗauka cewa tsakanin yaƙin duniya na ɗaya da na biyu talakan ƙasar nan shiru ya yi, yana biyan lanho, yana dakon kayan Nasara, bai ce uffan ba. Alhali kuwa cikin waɗannan shekaru ne wata ƴar ƙauye ta hana hukuma barci.

Sunanta Shibo, mutuniyar Shikal a ƙasar Kurfai, yankin Filinge. Wajajen 1925 wasu iskoki da ƴan bori ba su saba da su ba suka fara hawanta, ita da matasan da suka kewaye ta. Baƙin iskokin nan masu muƙami ne: Gwamna Maliya, kwamanda, kofur na gardi, likita. Wanda suka hau yakan miƙe ƙyam, ya sara, ya yi fareti da bindigar itace, yana ba da umarni da gurguwar Faransanci, kumfa na zuba a bakinsa, yana riƙe wuta ba ta dame shi ba. Aka kira su Babule, aka kuma kira su Hauka. Da abin ya tsaya a fagen wasa, da ba wanda zai kula. Amma mabiyan Shibo sun ƙi biyan lanho, sun ƙi aikin tilas, sun juya wa sarkin Kurfai Gado Namalaya baya, wasunsu ma suka fita daji suka kafa nasu ƙauyuka. Abin ya bazu har ƙasar Arewa.

Kwamandan Yamai na lokacin, Horace Crocicchia, ya sa aka kwaso kimanin mutum 60 aka tsare su a Yamai, aka yi musu dukan da zai sa su furta da bakinsu cewa babu wani abu wai shi Hauka. Abin da ya biyo baya shi ne ya fi ba ni mamaki cikin labarin duka: ba a jima ba sai ga sabon iska ya bayyana a cikinsu, mai zafin rai da zagi, ana ce masa Kwamandan Mugu. Mutumin da ya yi niyyar kashe wasan, sai ga shi an mai da shi ɗan wasa. Shi dai a nasa ɓangaren gaba ya ci, don a 1939 ya zama gwamnan Kodebuwa.

To, mai karatu, ga tambayar da ta sa na ɗauko alƙalami. Wanda ya kwaikwayi azzalumi, tawaye ya yi masa, ko kuwa zuciyarsa ce ta riga ta sallama?

Masu cewa sallamawa ce suna da hujja. Mutum ba ya ara rigar wanda ya raina. Idan har cikin gushewar hankali abin da ke fitowa daga bakin ɗan Kurfai shi ne harshen bariki, to mallakar ta wuce ƙasa da gona, ta shiga ɓargo. Irin wannan ɓacin rai ne ya kama ɗaliban Afirka a Faris lokacin da suka ga fim ɗin Jean Rouch, Les Maîtres fous, wanda ya ɗauka a 1954 cikin ƴan ci-ranin Nijar a Akara, inda Hauka ta yi ƙaura bayan an matsa mata a gida. Sun ga an nuna wa Turawa baƙar fata yana birgima. Sai dai hukumar Ingila ma ta hana nuna fim ɗin a can, kuma ba tausayin ƴan ci-rani ya sa ta ba. Kanta ta gani.

A ganina nan ne amsar take. Mulkin mallaka a ƙasa mai faɗi irin tamu Turawa ƙalilan ne suka riƙe shi, kuma rabin ƙarfinsa kwarjini ne: hular kwano, tuta, busar ƙaho, tsawa. Ranar da manomi ya nuna wa ƴan garinsu cewa shi ma ya iya tsawar nan, kuma a bakinsa abin dariya ce, ranar kwarjinin ya fara zubewa. Bahaushe ya ce tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta. Mutanen da aka hana su jarida, aka hana su ƙungiya, dokar indijena kuma ta ba kwamanda ikon ɗaure su ba tare da shari'a ba, wace tabarma ta rage musu?

Kada mu manta zamanin duka na fareti ne. A watan Oktoba na 1922, watan da aka mai da Nijar cikakkiyar ƙasar mallaka, Musolini ya karɓi mulkin Italiya da matasa masu baƙaƙen riguna. A 1933 Hitila ya hau a Jamus da nasa masu takun soja. Su ma sarawa suke, su ma tsawa suke, shugabansu na kumfar baki a kan dandamali. Bindigarsu dai ta ƙarfe ce. Duniya ta kira nasu siyasa, ta aika musu jakadu. Ta Shibo kuwa aka ba ta sunan ciwo.

Na san akwai malaman da za su ce bori shirka ne, bai kamata a ɗaukaka shi a gaban yara ba. Ban nemi kowa ya gaskata da iskokin ba. Masanin tarihi Finn Fuglestad, da ya yi nazarin lamarin a 1975, bai tsaya kan aljanu ba. Abin da ya duba shi ne fushin talakawa a kan sarautar da Faransa ta ɗora musu ta kuma ba ta bulala. Wannan fushin gaskiya ne, ko da wace riga ya sa. Kuma idan laifin kwaikwayo ake nema, a duba wanda ya kwaikwayi kwamanda idonsa biyu, hankalinsa ɗaya: gardin da ya tsare mata a rana don mazansu ba su biya lanho ba, da basaraken da ya zaɓi ƴaƴan marasa galihu ya tura su aikin gina sabon babban birni bayan an ɗauke shi daga Damagaram a 1926. Shi nasa kwaikwayon a jikin wasu ya sauka. Ɗan Babule kuwa jikinsa kaɗai ya wahalar, da yamma iska ya sauka, ya koma bukkarsa.

Sai a watan Afrilu na 1946 majalisar Faransa ta soke aikin tilas, a watan Mayu aka kafa PPN. Waɗanda suka ja ragamarta, irin su Diori Hamani, Bubu Hama da Jibo Bakari, malaman makaranta ne da suka fito daga William Ponty a Senegal. Kwat suke sawa, Faransanci suke yi wanda ya fi na wasu kwamandojin tsabta, kuma cikin buƙatunsu har da ƙarshen wulaƙancin da mutanen Shikal suka ƙi shekara 20 kafin nan. Sunayensu na kan tituna da makarantu a Yamai, hotunansu na cikin littattafan ɗalibanmu.