Igiya Ta Motsa: Kifi Ne, Ko Hannunka?

Mai karatu, in ka taɓa zuwa Yamai, wataƙila ka ga masunci da sassafe kusa da gadar Kennedy, zaune cikin jirginsa, ƙugiya cikin ruwa. Da damina ruwan ja wur yake, ba ya ganin kome a ciki. Amma da igiya ta motsa, ya san akwai kifi. Daga irin jan, har ya ce maka giwan ruwa ce, ko kuwa ɗan tarwaɗa. Ya ba da shaidar abin da bai gani ba. To, yaushe ya halatta mutum ya ce "na sani" alhali idonsa bai gani ba?

Masanan taurari ma masunta ne. Rana tauraro ce, duniyarmu tana kewaya ta. Waɗansu taurari kuma suna da nasu duniyoyin, amma hasken tauraro yakan ɓoye su, kamar ƙwaro kusa da fitilar mota. Sai masana suka koma duban tauraron kansa. Duniyar da take kewaya shi tana jansa, ya matso wajenmu kaɗan, ya koma kaɗan. Ka lura da ƙahon babbar mota, yadda muryarsa take sākewa in ta wuce ka? Haka launin hasken tauraro yake sākewa, na'ura kuwa tana iya aunawa. Kwanakin da motsin yake ɗauka, su ne kwanakin kewaya. Ƙarfin motsin kuma yana nuna nauyi.

Ta haka ne a 1995 Michel Mayor da Didier Queloz, mutanen Suwizalan, suka gano wata duniya kusa da tauraro 51 Pegasi, mai kewaya shi cikin kwana 4 da 'yan sa'o'i. A 2016 aka gano wata wajen Proxima Centauri, tauraron da ya fi kusa da rana. Tana kewaya shi cikin kwana 11.

Ga abin da ya burge ni. In masanan nan za su faɗi nauyi, sukan ce "aƙalla". Gama in hanyar duniyar ta karkace daga inda muke kallo, rabin labari kaɗai na'ura take ji. Sun faɗi iyakar abin da suka auna, sun tsaya nan.

Amma akwai wani labari. Peter van de Kamp masani ne mai himma a Amurka. Shekara da shekaru yana ɗaukar hoton tauraron Barnard, wani maƙwabcinmu na kusa. A 1963 ya ce ya ga tauraron yana tangaɗi, akwai babbar duniya da take jansa. Mutane suka gaskata. A 1973 waɗansu suka duba da wani madubin hangen nesa, ba su ga kome ba. Wani kuma ya bincika hotunan wurin aikin nasa, ya tarar wani tauraro dabam ma ya yi tsalle daidai lokutan da aka gyara madubin. Ashe ba kifi ba ne, hannun masunci ne ya yi rawa. Mutumin nan ba maƙaryaci ba ne, ya gaskata abin da ya faɗa. Sai dai aikin rayuwarsa ne, ya kasa rabuwa da shi har ya rasu a 1995.

Ɗan'uwa, maganar nan ta iso ƙofar gidanmu. Yaro ya kwanta ciwo, jiya kuwa tsohuwar nan ta wuce ta gaishe shi. Hatsi ya ragu a rumbu, an ga sawu wajen gidan maƙwabci. Igiya ta motsa, gaskiya ne. Amma wa ya ja ta? Doka ta tara ta hana shaidar zur, mu kuwa mukan zaci maƙaryaci kaɗai take nufi. Sau da yawa wanda ya ɓata sunan tsohuwa yana da tabbaci a zuciyarsa. Bai tambayi kansa ba ko tsoro ne ko tsohuwar gaba ta karkata madubinsa. Bai kira wani ya duba ba. Bai ce "iyakar abin da na gani ke nan" ba. Masani in ya kuskure, takarda ce za a gyara. Tsohuwa kuwa, da ƙyar ta sāke ɗiban ruwa a rijiyar gari ba a nuna ta da baki ba.

A 2024 aka gano duniya wajen tauraron Barnard da wata na'ura a ƙasar Cile. Ƙarama ce, tana kewaya shi cikin kwana 3 da 'yan sa'o'i. Wadda van de Kamp ya ce ya gani, ta fi Mushtari nauyi, kewayarta ta wuce shekara 20. Ba ita ba ce.