KACIYA: SUNNA CE KO GARKUWA?

Kaciya tana cikin abubuwa biyar na fiɗira waɗanda Manzon Allah (S.A.W.) ya ambata. A mazhabar Imamu Malik sunna ce mai ƙarfi ga namiji, a wurin Imamu Shafi'i kuwa wajibi ce. Musulmi sun shafe ƙarni goma sha huɗu suna yin ta ba su nemi shaidar likita ba. To, amma da cutar ƙanjamau ta ɓulla sai tambaya ta taso: shin kaciyar da aka yi wa jariri tana kare shi daga cututtukan da ake ɗauka ta hanyar saduwa bayan ya girma?

Likitoci sun yi manyan gwaje-gwaje uku a kan wannan: na Orange Farm a Afirka ta Kudu, wanda aka bayyana sakamakonsa a 2005, da na Kisumu a Kenya da Rakai a Uganda, waɗanda aka buga a 2007. Sun tarar kaciya tana rage wa namiji haɗarin ɗaukar ƙanjamau daga mace da kimanin kashi 60 cikin 100, domin cikin loɓa fata ce mai taushi wadda ƙwayar cutar ke shiga da sauƙi. A 2007 ɗin Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya kaciya cikin hanyoyin rigakafi.

Sai dai a lura, baligai aka gwada, hukuncin jariri ƙiyasi ne. Malaman Malikiyya ma sun karhanta yin ta ranar haihuwa da rana ta bakwai, sun fi son a jinkirta zuwa lokacin da ake umartar yaro da salla, kamar yadda aka saba a ƙasar Hausa, inda akan tara yara masu shekara bakwai a lokacin hunturu. Ko ta jarirai ko ta yara, duk tana riga balaga, amfanin kuwa ɗaya ne.

Inda gizo ke saƙar shi ne wanda ya ji wannan labari ya ɗauka an ba shi laya. Ragi aka ce, ba a ce tsari ba, kuma ba a ga wata kariya tabbatacciya daga ciwon sanyi ba. Hanin kusantar zina bai ware mai kaciya ba. Abin da ya fi nauyi shi ne haƙƙin iyali, domin wani gwajin da aka yi a Rakai, aka buga a 2009, ya nuna cewa yi wa miji mai ƙanjamau kaciya bai rage wa matarsa haɗarin kamuwa ba.