Farkawa A Cikin Mafarki: Abin Da Muridi Ya Kamata Ya Sani Kafin Ya Nema

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Shugaban halitta, Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, akwai wata magana da ta yaɗu tsakanin matasa, musamman ɗalibai, tun daga Yamai har Maraɗi da Damagaram da Tawa. Bidiyoyi ne suke yawo a salula, ana koya wa mutum yadda zai gane cewa mafarki yake yi alhali yana cikin barcin, har ya juya mafarkin yadda ya so: ya tashi sama, ya ratsa bango, ya kira wanda yake son gani. Wasu ƴan'uwa sun ce shaiɗanci ne tsantsa, wasu kuma sun ɗauka gajerar hanya ce zuwa ga kashafi. Duka ɓangarorin biyu sun yi gaggawa. Al'amarin yana bukatar a zauna a warware shi, domin akwai abin da muridi zai iya asara a cikinsa, kuma ba ƙaramin abu ba ne.

Mene ne wannan mafarki?

Mafarkin sane shi ne mutum yana barci, yana mafarki, sai hankalinsa ya faɗa masa cewa wannan abin da yake gani mafarki ne, kuma bai farka ba. Sanin shi ne asali. Iya sarrafa mafarkin wani mataki ne daban, kuma da yawa suna samun na farkon ba tare da na biyun ba.

Abin tsoho ne. Aristo, masanin Girka, ya ambaci cewa wani lokaci mai barci yakan ji wani abu a ransa yana gaya masa mafarki ne yake gani. Mabiya addinin Buda na Tibet sun daɗe suna horar da kansu a kai. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Frederik van Eeden, shi ya sa masa sunan da Turawa suke kiransa da shi, a shekarar 1913.

Masana barci sun gano a 1953, a Jami'ar Chicago, cewa barci yana da wani zango da idanu suke motsi da sauri a ƙarƙashin fatar ido. A nan mafarkai masu tsari suka fi yawa, kuma a nan Allah Yake ɗaure gaɓoɓin mai barci don kada ya aikata abin da yake gani, sai idanu da numfashi ake bari. Zangon yana zagayowa kusan duk bayan minti 90, yana ƙara tsawo idan asuba ta gabato. Da wannan ƙofar ta idanu aka tabbatar da lamarin: a 1975 Keith Hearne, a garin Hull na Ingila, ya yi alkawari da wani mai barci cewa idan ya gane yana mafarki zai juya idanunsa hagu da dama, kuma na'ura ta rubuta alamar yana tsakiyar barci. Stephen LaBerge ya sake tabbatar da haka a Jami'ar Stanford ta Amurka. A 2021 masu bincike daga Amurka da Faransa da Jamus da Holan suka yi wa masu mafarkin sane tambayoyin lissafi masu sauƙi, wasunsu suka amsa daidai da motsin ido. Wani nazari na 2016 da ya tattara binciken shekaru masu yawa ya nuna kusan mutum 55 cikin ɗari sun taɓa samun irin wannan mafarki ko da sau ɗaya a rayuwarsu.

Abin da fiye da rabin mutane suke samu, mumini da kafiri, mai sallah da marar sallah, ba za a kira shi karama ba. Ba kuma za a kira shi sihiri ba. Ɗabi'a ce daga cikin ɗabi'un da Allah Ya halitta a ɗan Adam, kamar hadda da iya lissafin ka. Hukuncinta yana bin abin da aka yi da ita.

A wane kashi yake faɗawa?

Hadisi ingantacce ya kasa mafarki gida uku: ru'uya ta gari wadda bushara ce daga Allah, da mafarkin da Shaiɗan yake jefawa don ya baƙanta ran mumini, da zancen zuci, wato abin da mutum ya yini yana saƙawa sai ya gan shi da dare. Ru'uya ta gari tana da daraja babba, har Manzon Allah (SAW) ya ƙidaya ta yanki ɗaya daga yankuna 46 na annabci. Yakan tambayi sahabbai bayan sallar asuba ko wani ya ga wani abu a barcinsa. Lafuzzan kiran sallah ma Sayyidina Abdullahi ɗan Zaidu (RA) ya fara jin su a mafarki, kafin Annabi (SAW) ya tabbatar da su.

To, ga wurin da ƙafa take zamewa. Ru'uya kyauta ce, zuwa take yi, bawa ba shi da hannu a cikinta. Mafarkin da mutum ya shirya tun kafin ya kwanta, ya ce zai kira wane, zai je wuri kaza, sannan ya gina shi da kansa, ya fi kusa da zancen zuci. Wanda ya haƙa rijiya ya zuba mata ruwa da tulu, idan ya jefa guga ruwansa zai ɗebo. Sanin cewa mafarki ake yi ba ya hana ru'uya ta gaskiya ta zo wa bawa a cikin wannan halin, domin falalar Allah ba ta da shamaki. Amma sanin ba hujja ba ne a kan cewa abin da aka gani daga Allah yake.

Misali shi ne ɗalibin da ya yi makonni yana gwada dabarun nan, har wata rana ya dace, ya kira surar shehinsa a mafarki, surar ta ce masa ya ƙara adadin wani zikiri. Da gari ya waye ya tafi wurin muƙaddami yana murna. Muƙaddamin ya saurare shi har ƙarshe, sannan ya ce: "Ɗana, shi ya zo maka, ko kai ka kira shi?" Ya ce: "Ni na kira shi, Malam." Ya ce: "Maganar da ya faɗa maka, ka taɓa saƙa ta a ranka kafin ka kwanta?" Ɗalibin ya sunkuyar da kai. Malam ya ce: "To, tsaya a kan abin da aka yi maka izini a farke. Kuma ranar nan ka sami asuba a jam'i?" Bai samu ba.

Iyakoki huɗu

Na farko, mafarki ba ya kafa hukunci kuma ba ya rushe shi. Shari'a ta cika tun Annabi (SAW) yana raye. Imam Shaɗibi ya yi bayani mai faɗi cewa duk abin da aka gani a barci sai an auna shi da Alƙur'ani da Sunna, idan ya saɓa a jefar da shi. Haka nan ba a karɓar izinin wuridi ko canjin adadinsa daga mafarki a bar shehi mai rai.

Na biyu, ƙarya a kan mafarki babban zunubi ne. Ya zo a cikin Bukhari cewa wanda ya ƙirƙiri mafarkin da bai gani ba, za a kallafa masa ƙulla ƙwayar sha'ir biyu ranar ƙiyama, kuma ba zai iya ba. Wanda ya gina mafarki da kansa sannan ya ba da labarinsa a majalisi a matsayin ru'uya, ya ɓoye cewa shi ya tsara, ya matso kusa da wannan ramin. Lamarin ya fi tsanani idan da'awar ta shafi ganin Annabi (SAW). Gaskiya ne Shaiɗan ba ya iya ɗaukar siffarsa, amma nafsi tana iya zana wata sura ta raɗa mata suna. Shi ya sa ake ruwaito cewa Imam Ibnu Sirina, idan wani ya ce ya ga Annabi, yakan nemi ya siffanta masa wanda ya gani tukuna.

Na uku, an ɗauke alƙalami daga mai barci har ya farka, wannan haka yake. Amma niyyar da aka ƙulla a farke, ido biyu, ba a barci aka ƙulla ta ba. Wanda ya kwanta da ƙudurin zai je ya aikata a mafarki abin da Allah Ya haramta masa a farke, ya riga ya ciyar da zuciyarsa da wannan sha'awar tun kafin ya rufe ido. Abin da aka shuka da dare yakan tsiro da rana.

Na huɗu, jiki yana da haƙƙi. Dabarun da suke sa a yanka barci gunduwa-gunduwa suna gajiyar da ɗalibi, su raunana haddarsa, su sa ya makara sallah. Wanda ya sayar da asuba don ya tashi sama a mafarki ya yi mummunan ciniki. Wanda kuma yake fama da ciwon da ke rikita masa gaskiya da hayali, ko tsananin damuwa, ya nisanci wannan horon, ya ga likita.

Yadda ake koyo, da abin da mutanen Allah suka riga suka sani

Daga cikin hanyoyin da masu bincike suke koyarwa akwai guda huɗu, kuma duk mai lura zai ga kowace tana da ƴar'uwa a cikin ladubban da aka gada.

Ta farko, rubuta mafarki da zarar an farka, kafin a taɓa salula, domin wanda ba ya tuna mafarkinsa ba zai gane alamominsa ba. Wannan ba laifi, sai dai littafin ya zama sirri. Sunna ta koyar da cewa mafarki mai kyau ana gaya wa masoyi ko masani ne kawai.

Ta biyu, yawan tambayar kai da rana ko a farke ake ko a barci, har tambayar ta zama ɗabi'a ta bi mutum cikin mafarki. Muridi yana da tambayar da ta fi wannan: ina zuciyata take a wannan lokacin, tana tare da Allah ko ta tafi kasuwa? Wannan ita ce muraƙaba. Wanda ya saba da ita da rana, yakan iske harshensa yana ambaton Allah a cikin mafarki ba tare da ya shirya ba.

Ta uku, ƙulla niyya yayin kwanciya. Sunna ta tsara wannan lokacin tsaf: alwala, kwanciya a ɓangaren dama, Ayatul Kursiyyu, Ƙulhuwallahu da Falaƙi da Nasi a tofa a tafin hannu a shafe jiki, da miƙa rai ga Mai shi. Aya ta 42 ta Suratuz Zumar ta bayyana cewa Allah ne Yake karɓar rayuka a lokacin barci, Ya riƙe wadda ajalinta ya yi, Ya saki sauran. Wanda ya tuna haka ba zai shiga barci kamar mai shiga gidan wasa ba.

Ta huɗu, tashi bayan awa biyar ko shida, a ɗan zauna a farke, a koma barci, saboda a lokacin ne zangon mafarki ya fi tsawo. Mai ƙiyamul laili ya san wannan tsarin. Daren Annabi Dawuda (AS), wanda hadisi ya yaba, haka yake: barci rabin dare, sallah sulusinsa, sannan barci sudusinsa. Bambancin yana ga niyya. Ɗaya ya tashi don Ubangijinsa, ɗaya ya tashi don mafarki, kuma kowa yana samun abin da ya nufa.

Amfanin da ba a musunsa

Mai fama da mugayen mafarkai masu maimaituwa yana iya samun sauƙi idan ya koyi gane cewa mafarki ne: tsoron ya ragu, ya nemi tsarin Allah tun yana ciki. Idan ya farka ya bi abin da aka koyar, ya yi tofi kaɗan a hagunsa sau uku, ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya juya kwanciya ko ya tashi ya yi sallah, kada ya ba kowa labari. Haka ma dannau, wanda yake yawan samun masu katse barci: hankali ne ya riga jiki farkawa, ɗaurin gaɓoɓin nan bai gama sakuwa ba. Yana wucewa cikin ɗan lokaci, kuma natsuwa da zikiri a zuci sun fi kokawa amfani.

Darasin da ya fi girma

Imam Gazali, wanda ya rasu a shekara ta 505 bayan hijira, ya tsaya a kan mafarki a cikin littafinsa Almunƙizu Minad Dalal. Ya lura cewa mai barci yana gaskata duk abin da yake gani, ba ya shakka, sai ya farka ya gane ba shi da tushe. Daga nan ya tambayi kansa ko wannan farkawar ma ba barci ba ce idan aka auna ta da wani hali da ke gaba. Ana jingina wa Sayyidina Ali (RA) magana mai wannan ma'ana, cewa mutane a barci suke, mutuwa ce take tashinsu.

Wannan shi ne abin da muridi zai ɗauka. Wanda ya taɓa gane mafarki yana cikinsa ya ɗanɗani wani abu: zinariyar da ke hannunsa ta daina ruɗarsa, zakin da ke korarsa ya daina firgita shi, alhali duka suna nan a gabansa. Haka arifi yake zaune a duniya. Yana karatu, yana kasuwa, yana riƙon iyali, amma ya san gidan wucewa ne. Malaman tasawwufi sun sa yaƙaza, wato farkawa daga gafala, a farkon matakan tafiya zuwa ga Allah, kuma sun yi ta nanata cewa istiƙama ta fi karama.

Saboda haka, wanda mafarkin sane ya zo masa ya gode wa Allah, ya cika shi da zikiri da salati, ya kai abin da ya shige masa duhu ga shehinsa, ya faɗi gaskiya a kan abin da ya gani da abin da ya tsara. Wanda bai taɓa samunsa ba bai rasa komai ba a tafiyarsa, matuƙar yana kiyaye salloli biyar a kan lokaci da wuridinsa safe da yamma.

Allah Ya farkar da zukatan bayinSa daga gafala, Ya azurta su da ru'uya ta gari, Ya tsare su daga ruɗin nafsi da Shaiɗan, Ya sa a cika da imani. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Amin.