Wanda Ya Canka Ya Dace, Shin Ya Sani?

Tambayar da nake so mu tattauna a kanta tsohuwa ce, amma wani wasan lissafi ne ya sake tayar mini da ita, watau sudoku mai jimla. Asalinsa daga Japan yake, kuma jaridar The Times ta Ingila ce ta yaɗa shi a 2005 da sunan Killer Sudoku.

Ga yadda yake. Akwai gidaje 81, tara a kwance, tara a tsaye. Kowane layi da kowane ɗaki mai gida tara sai ya ɗauki lambobi 1 zuwa 9 ba tare da maimaici ba, saboda haka jimlarsa 45 ce. Sannan an kewaye wasu gidaje da shinge, an rubuta jimlarsu a kusurwa. Shinge mai gida biyu da jimla 3, lalle 1 da 2 ne; mai jimla 17 kuwa, 8 da 9 ne. Idan gidaje takwas na layi ɗaya suka ba da 38, to, na taran 7 ne, babu makawa.

To, a ce mutum biyu sun rubuta 7 ɗin nan. Ɗaya ya ɗebe 38 daga 45, ɗayan kuwa canka kawai ya yi, ya dace. A takarda babu mai iya bambanta su. Shin daidai suke?

Ni a ganina ba daidai suke ba. Na farko zai iya gaya maka dalilinsa, kuma duk abin da ya gina a kan lambar nan zai tsaya. Na biyu kuwa bai mallaki komai ba sai sa'a. Ranar da cankensa ya kuskure, ɓarnar ba za ta fito nan take ba, sai bayan ya cika gida ashirin, sa'an nan ya rasa inda bakin zaren yake. Ba banza ba Bahaushe ya ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya.

Wani zai ce, ai rayuwa ba wasa ba ce. Wanda ya tsara wasan ya tabbatar amsa ɗaya ce tak, kuma ya ajiye alamun da za su kai ka gare ta. Likita fa, ko alƙali? Sau da yawa tilas su yanke shawara alhali hujja ba ta cika ba. Wannan gaskiya ne, ban musa ba. Amma masu wasan suna da wata ɗabi'a da ta amsa wannan: abin da suke zato, da fensir suke rubuta shi ƙanana a gefe, abin da suka tabbatar shi ne ke shiga tsakiyar gida. Zato ba laifi ba ne in an san zato ne. Laifin shi ne a rubuta shi da biro.

Mu duba kanmu. In kuɗi suka ɓace a ɗakin kwanan ɗalibai, kafin la'asar an riga an sa wa wani sunan ɓarawo, don kawai an ga ya wuce ta ƙofar. Ko da daga baya ta tabbata shi ne, waɗanda suka yaɗa maganar ba sani suka yi ba, caca suka yi da mutuncin mutum. In kuwa ba shi ba ne, wa zai goge?

Saboda haka, duk wanda ya zo jami'a neman ilmi, ya kamata kafin ya ce "na sani" ya tambayi kansa: ina lissafina?