Abin Da Doka Ta Bari, Kunya Ta Hana

A ƙasar Ostireliya mutum yakan ɗaura ɗaki mai taya a bayan motarsa, ya bi hanyar Stuart wadda ta keta hamada, fiye da kilomita 2,700. Da yawa sukan ratse su ga dutsen Uluru.

A 1985 aka mayar wa Anangu, 'yan asalin wurin, mallakar dutsen nan. Suka roƙi baƙi kada su hau shi, domin mai tsarki ne a wurinsu. Amma doka ba ta hana ba sai 2019. Shekara 34 ke nan matafiyi yana tsayawa a gindin dutsen, daga shi sai zuciyarsa.

Wani zai ce, "Na sha ƙura, na biya kuɗin shiga, wa na zalunta?" Ni a ganina wahalar tafiya ba ta sayen haƙƙin masu gida. Baƙo raɓa ne. Gobe zai ja ɗakinsa ya wuce, su kuwa nan ne tushensu. Wanda ya haƙura tun babu mai tsare shi, shi ne mai mutunci. Wanda bai daina ba sai da aka kafa doka, tara yake tsoro.