Gwaninta: aikin mutum ko aikin aljani?

Ƴan'uwa, Turawa ma suna da gogensu. Da katako ake yin shi, tsirkiyarsa 4, a ƙarƙashin haɓa ake riƙe shi. Akwai waɗanda ba su da wata sana'a sai shi. Mutum guda ya tsaya gaban taro, yau wannan gari, gobe wancan. In ya yi kuskure, babu wanda zai rufa masa asiri.

A cikinsu an yi wani gwani, sunansa Faganini. An haife shi a Jenowa, ƙasar Italiya, a 1782. Tun yana ɗan shekara 7 babansa ya ɗora shi kan goge, kullum yana koyo, yini guda. Da ya girma, yakan kaɗa waƙa sukutum da tsirkiya ɗaya tak, kamar gogenmu na izga. A 1831 ya yi wasa a Paris da Landan, jama'a suka yi ta tururuwa.

To, me suka ce? Suka ce ɗan Adam ba ya iya wannan, ya sayar da ransa ga Shaiɗan. Wasu suka ce ai a gidan kaso ya koya. Har takarda ya rubuta, aka buga a jarida, don ya ƙaryata zancen kason. A banza.

Mu ma mun san irin wannan magana. In mai goge ya gwanance, sai mu ce iskoki ne ke kaɗa masa. Muna taruwa mu ji daɗin kiɗansa, amma ya zo neman ɗiyarmu mu gani!

A ganina akwai zalunci a ciki. Baiwa daga Allah take, gaskiya ne. Amma wa ya ga yaron nan lokacin da yatsunsa ke ciwo, tsararsa na wasa a waje? Wanda ya ce aljani ne, ya ƙwace wa mutum wahalarsa. Kuma ya samar wa kansa hujjar zama. Ko a ajin yaƙi da jahilci haka ne: in wata ta riga mu iya karatu, sai a ce ai ita tana da kai, ba a zancen fitilar da take kunnawa bayan isha'i.

Faganini ya rasu a garin Nis a 1840. Shugabannin coci suka hana a binne shi a maƙabartarsu. Aka yi ta yawo da gawarsa. Sai a 1876 aka binne shi a maƙabartar garin Farma, bayan shekara 36.